Ma'aikata takwas, allo ɗaya: wace hanyar buga sakamako za ka ɗauka?

Ranar da ka fara tada manhajarka da mpiexec -n 8, umarnin da ke tada kwafinta takwas a lokaci guda, layin printf guda ɗaya da ka rubuta zai fito sau takwas, wani ma ya katse wani a tsakiyar kalma. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. A tsarin MPI, ƙa'idar raba aiki ɗaya tsakanin ma'aikata da yawa, kowane ma'aikaci manhaja ce mai cin gashin kanta, kowa da lambarsa daga 0, kowa da bakinsa. Kafin ka zaɓi hanya, ka san abin da kake son gani da kuma yawansa.

Mafi sauƙi ita ce a bar mai lamba 0 ya yi magana, sauran su yi shiru. In kana aiki da PETSc, tarin kayan lissafi na cibiyar binciken Argonne a Amurka, PetscPrintf ta ɗauke maka wannan aikin. Ta wadatar wajen nuna zagaye na nawa ake da inda kuskure ya sauka. Sai dai mai lamba 0 abin hannunsa kawai ya sani. In jimilla kake so, sai ka fara tattaro ta da MPI_Reduce, in ba haka ba kason mutum ɗaya za ka buga kana zaton na kowa ne.

Akwai wata dabara da sababbin hannu ke so, ni kuwa ban ba kowa shawararta. A sa kowa ya buga bi da bi, a raba tsakaninsu da MPI_Barrier, shingen da kowa ke tsayawa sai duka sun iso. A ido kamar ta yi. Matsalar ita ce shingen ma'aikatan yake tsayarwa, ba rubutunsu ba. Abin da kowa ya buga sai ya bi ta hannun mpiexec kafin ya iso allo, kuma ƙa'idar MPI ba ta yi alkawarin wa zai riga wa ba. A kwamfutar tafi-da-gidanka layukan na iya jeruwa tsaf, ka kai aikin babbar na'ura su hargitse. Ko fflush, mai tura rubutu waje nan take, ba ta warkar da wannan gaba ɗaya.

In dai jeri kake so, PetscSynchronizedPrintf ce abin nema. Kowa yana ajiye saƙonsa, sai an kira PetscSynchronizedFlush sannan a buga daga 0 zuwa na ƙarshe. Sharaɗinta ɗaya: dole kowa ya kira ta biyun, in wani ya tsallake manhajar ta sandare tana jiransa. Kuma da yake komai ta hannun mai lamba 0 yake bi, ta dace da farautar kuskure, ba zubo lambobi miliyan ba. Masu MPICH kuma, ɗaya daga cikin manhajojin da ke aiwatar da MPI, suna da -prepend-rank, wadda ke manna lambar mai magana a farkon kowane layi ba tare da an taɓa manhaja ba.

Kowa da fayil ɗinsa? Da ma'aikata 8 babu laifi. Da 10,000 kuwa fayil 10,000 ke nan duk lokacin da aka ajiye sabon sakamako, kuma masu kula da na'urar za su neme ka.

Babban sakamako wurinsa MPI-IO, da ya shigo da MPI-2 a 1997, inda kowa ke rubuta kasonsa cikin fayil guda. HDF5, tsarin fayil na adana manyan bayanai, na iya hawa kansa, ga sunaye da tsari, amma ka tabbata wanda aka girka a na'urarku an haɗa shi da MPI tun farko. Ɗalibin da ke farawa ya riƙe PetscPrintf da 'yar'uwarta mai jeri, HDF5 ta jira ranar da sakamakon ya fi ƙarfin allo.