Ajin koyon binciken lafiyar al'umma da na shiga a Samaru

Ilimin zamantakewa na karanta, amma hankalina na kan lafiyar al'umma. Kullum ina tambayar kaina: me ke hana uwa kai ɗanta rigakafi alhali asibiti na bayan gidanta? Wannan ne ya kai ni wani ɗan aji a Samaru, a saman bene kusa da kasuwa.

Sati huɗu muka yi. Malamar ta koya mana tsara tambayoyi don KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, da fitar da lissafi a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, amma darasin hira da jama'a ne ya fi tsaya mini a rai. Ta shimfiɗa tabarma, ta zama kakar gida, ni kuma mai tambaya kan rigakafin shan-inna. Ina buɗe baki ta ce, "'Yar nan, ko gaisuwa ba ki gama ba." Kunya ta kama ni, wallahi. Daga nan ta ɗauko yadda aka ƙaurace wa rigakafin a Kano a 2003, da yadda sa bakin sarakuna da malamai ya dawo da yardar mutane.

Kwamfutoci uku ne kacal, kuma da an ɗauke wuta sai zaman jira. Mai zuwa ya taho da tasa.