Hattara da mai tallar fitilar ciko da takardar gwajin bogi

Assalamu alaikum likitocin haƙori da abokan aiki, musamman masu ƙananan asibitocin kuɗi da ke sayo kayan aiki da kansu. Akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar fitilar daskarar da ciko, mai shuɗin hasken nan, haɗe da sirinjin farin ciko, a kan kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, don yana yawan canza suna da lambar waya. Salon yaudarar ne ba ya canzawa.

Da farko zai turo muku bidiyo. Ya matsa ciko a kan gilashi, ya haska shi daƙiƙa 3, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe, ku ji ƙas-ƙas. Daga nan sai takarda mai tambari, wai daga wani ɗakin gwaji na ƙasar waje, tana cewa ɗaurin ragar cikon ya kai kashi 99 cikin 100. Wannan takardar ce ta fi ɓata mini rai, domin ita ke sa mai ilimi ma ya saki jiki.

Ga abin da ke faruwa a cikin ciko idan haske ya sauka a kansa. Yawancin farin ciko an gina shi ne a kan wani sinadari mai suna Bis-GMA, wanda Rafael Bowen ya samar a Amurka a farkon shekarun 1960, ana sirka shi da irin su TEGDMA don ya yi laushin aiki. Kowace ƙwayar waɗannan sinadarai hannu biyu gare ta. Sinadarin kamfokwinon da ke ciki yana shan shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 468, sai ya tayar da aikin: ƙwayoyin su kama juna su zama zare, zaren kuma su ɗaure da juna su zama raga. To abu biyu ake aunawa, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko, hannaye nawa ne suka kama. Shi ake faɗa da kashi cikin ɗari, ana auna shi da FTIR, wata na'urar ɗakin gwaji mai tantance sinadarai da haske, kuma a cikon da aka haska da kyau yawanci tsakanin kashi 55 da 75 yake tsayawa, saboda da zarar cikon ya fara sandarewa sauran hannayen ba sa samun damar motsi. Na biyu, yawan ƙullin da ke cikin ragar. Shi ba a faɗarsa da kashi cikin ɗari ko kaɗan, da mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, a kowane awon girma ake lissafa shi. Ke nan ƙarya biyu ce a layi ɗaya: ya ba abu ma'aunin da ba nasa ba, ya kuma ɗora masa adadin da ko ciko mai tsada ba ya kaiwa a bakin mutum.

Awon ƙullin raga kuwa aiki ne na gaske. Ko a jiƙa samfurin a sinadari a ga iya kumburinsa, a yi lissafi da ƙa'idar Flory da Rehner ta 1943, ko a ɗumama shi a na'ura ana jijjiga shi a ga taurin da ya rage masa bayan ya saki. Masu binciken haƙori sukan auna taurin fuskarsa, su tsoma shi a itanol, su sake aunawa. Raga mai sako-sako ita ta fi yin laushi. Kuma sakamakon ya danganta da irin fitilar, da tsawon haskawa, da kaurin cikon. Ku duba takardarsa: babu sunan fitila, babu daƙiƙa, babu lambar rukunin kaya.

Shi kuma bidiyon, ko fitila mai rauni tana iya taurara saman ciko. Haske raguwa yake yi yana shiga ciki, shi ya sa ake zuba ciko na yau da kullum milimita 2 a lokaci guda, a haska daƙiƙa 20 zuwa 40. Abin da yake nuna muku ƙosai ne da ya soyu a waje, cikinsa ɗanyen ƙullu. Kuma wannan ɗanyen gefen shi ne ke kwance kusa da jijiyar haƙori, yana tsiyayar da sinadarin da bai kama ba. Sai zogi in an sha ruwan sanyi, sai ruɓa ta sake kamawa ta ƙarƙashi, sai cikon ya tsage. Mara lafiya bai san wani ɗan talla ba, ku ya sani.

Kada ku tura ko sisi kafin kaya su zo hannunku. In sun zo, ku ɗora fitilar a kan na'urar auna ƙarfin haske. Wadda ta gaza miliwat 400 a kowace murabba'in santimita ba ta aiki ba ce, masu kyau na yanzu wajen 1000 suke bayarwa. Ku sake aunawa bayan batir ya ɗan sauka. Sannan ku yi gwajin kankarewa na ISO 4049, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ingancin farin ciko: ramin ƙarfe mai faɗin milimita 4 da zurfin 6, a cika, a haska ta sama, a fitar, a kankare laushin ƙasa da cokalin roba, a auna abin da ya saura a raba biyu. In bai kai milimita 1.5 ba a launin da ba mai toshe haske ba, kada ku yi aiki da shi. Wannan ba awon ƙullin raga ba ne, amma ya isa ya tona asiri.

Ku kuma sa farce a gefen takardar jikin sirinjin. Wanda na gani da idona, wata takarda aka manna a kan ta asali, ranar lalacewar da ke ƙasa ta daɗe da wucewa. Ku ɗauki hotonsa da na hirarku da shi ku kai wa NAFDAC, kayan aikin asibiti a ƙarƙashinta suke. Wanda kuma ya riga ya yi aiki da kayan nan, don Allah ya buɗe rajistarsa ya kira mutanen da ya yi wa ciko su dawo a duba su.