SIGPLAN-M: jagora kyauta ga mai neman digirin digirgir a harsunan shirya manhaja

Duk wanda na gaya wa ina neman gurbin digirin digirgir a waje, tambayarsa ta farko ita ce: ta TETFund za ka bi ko ta PTDF, wato hukumomin gwamnatin Najeriya masu ba da tallafin karatu? Haka muka saba, a samo takardar shiga jami'a tukuna, sannan a shiga neman wanda zai biya. A fannin binciken harsunan shirya manhaja abin ba haka yake tafiya ba, kuma a shirin SIGPLAN-M na fahimci hakan.

SIGPLAN reshe ne na ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, shi ke kula da wannan fanni, kuma shi ke da manyan tarukan nan na POPL da PLDI da ICFP da SPLASH. Shirin nasu na jagoranci, wato SIGPLAN-M, yana haɗa ɗalibi ko ƙaramin mai bincike da wanda ya riga shi nisa, daga wata cibiya daban, su riƙa tattaunawa na tsawon lokaci. Fom ake cikewa a intanet, ba a biyan ko sisi. Kafin nan akwai wani ejan a garinmu da ya yanka mini kuɗi masu kauri wai zai "gyara mini takardu", da na tambaye shi sunan malami ɗaya a fannin sai ya canja magana.

Wadda aka haɗa ni da ita ta gama nata digirin, tana bincike a wata jami'a a Turai. Ta Zoom muke magana, kuma lokaci bai ba mu wahala ba, don agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin sanyinsu, da zafi kuma su wuce mu da awa guda. Abin da ta fara warware mini shi ne maganar kuɗi. A Suwidin ɗalibin digirgir ma'aikacin jami'a ne, albashi yake ɗauka duk wata, babu kuɗin makaranta, shekara 4 ne, ya kai 5 idan an haɗa da koyarwa. A Holan ma yawanci aiki ne na shekara 4. A Faransa shekara 3. Wato gurbin da kuɗin tare suke zuwa, tallar aiki ake yi, ka nema kamar yadda ake neman aiki. Amurka kuma tsangaya ake nema, galibi a rufe karɓa a Disamba, kowace jami'a da kuɗin fom ɗinta, karatun ya ci shekara 5 zuwa 6, ana biyan ka ta hanyar taya koyarwa ko taya bincike. Game da Ingila kuwa, jagorar tawa ta ce in yi hattara: wata tallar kuɗin makarantar ɗan ƙasa kawai take ɗauka, na baƙo kuwa ya ninka shi, don haka a karanta ƙananan rubutun.

Amma inda na fi cin moriyarta shi ne ranar da ta buɗe wata maƙala a mujallar PACMPL, wadda kowa ke iya karantawa kyauta, ta tsallake lissafin gaba ɗaya ta gangara ƙarshe, wurin godiya. Ta ce, duba nan, wa ya ba su kuɗi? Idan ka ga sunan ERC, hukumar bincike ta Tarayyar Turai, to malamin yana da asusu, don tallafinta na masu tasowa yakan kai Yuro miliyan 1.5 na shekara 5, kuma mai irin wannan kuɗi ɗalibai yake nema. Shi za ka rubuta wa. Ta kuma nuna mini irin wasiƙar da ake amsawa: layi shida ko bakwai, ka ambaci maƙalarsa guda, ka faɗi abin da ka gwada da kanka da inda ka maƙale. Babu dogon kirari, babu labarin yadda ka so kwamfuta tun kana yaro. Mu da muka tashi da gaisuwa mai tsawo, wannan sai da na danne zuciya.

Ita ce kuma ta zana mini taswirar fannin. Mai son Agda, harshen da ake rubuta manhaja da hujjojin lissafi da shi, ya dubi jami'ar Chalmers a Gotenbag ta Suwidin. Mai son Coq, manhajar tantance hujjojin lissafi da aka sauya wa suna zuwa Rocq, ya dubi cibiyar bincike ta Inria a Faransa, inda Xavier Leroy ya jagoranci CompCert, manhajar fassara harshen C da aka tabbatar da ingancinta ta hanyar lissafi. Mai son harshen Rust ya karanta aikin RustBelt na 2018 daga cibiyar Max Planck ta Saarbrücken a Jamus. Jerin manyan jami'o'in duniya da muke yawo da shi a WhatsApp ba ya nuna maka ko ɗaya daga cikin wannan.

Sai dai a san iyakarsa. Shirin ba ya ba da kuɗi, ba ya ba da gurbi, kuma jagoran ba dole ne ya rubuta maka takardar shaida ba, tunda bai ga aikinka da idonsa ba. Masu jagorancin 'yan sa-kai ne, suna da nasu ayyukan, in taro ya matso za ka ji shiru na ɗan lokaci. Komai da Turanci ake yi. Wahalhalun da suke namu, kamar zaryar karɓo sakamakon jarrabawa daga tsohuwar makaranta, ko biyan kuɗin fom da dala da katin banki na naira, ko layin biza, kai za ka ji da su. Akwai kuma PLMW, bitar da ake yi wa sababbin shiga a gefen waɗancan taruka, ita takan ɗauki nauyin tafiyar wasu ɗalibai, amma nemanta daban ne.

Wanda burinsa kawai ya fita waje ko ta wace ƙofa, ya bar wa wani wurin. Wanda kuwa ya taɓa rubuta ƙaramin harshe nasa, ko ya kwana yana kokawa da hujja a Rocq, ya cike fom ɗin tun watanni kafin Disamba, kuma a gurbin da aka tambayi abin da yake so ya rubuta ƙarara cewa gurbi mai albashi yake nema, a wane reshe, a wace nahiya.