Rinin Miao: Na Hannu Ko Na Inji?

A Danzhai ta lardin Guizhou a ƙasar Sin, matan ƙabilar Miao kan narka kakin zuma, su zana tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a farin ƙyalle da 'yar wuƙar tagulla, sannan su yi ta tsoma shi cikin ruwan baba. Idan aka tafasa, kakin ya narke, zanen ya fito fari fes. Inda kakin ya tsage kuwa, shuni kan kutsa ya bar siraran jijiyoyi, kowane ƙyalle da nasa.

Na inji yana da arha, ga sauri, amma bugu ne kawai, kowane yadi irin ɗan'uwansa.

Tun 2006 gwamnatin Sin ke kare wannan sana'a. Ni na hannun zan saya ko da tsada, domin kuɗin ya kai ga matar da ta zana.