Kafin ku sayi kayan awon lafiya na unguwa

Ƙungiyoyin mata da na matasa a Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Kara-Kara, suna yawan tambaya: in mun haɗa kuɗi don mu san yawan cutar da ke cin yaranmu, me za mu fara saya? Shawarata ita ce ɗamarar awon dantse, wato ɗan zirin ma'auni mai launi uku da ake zagaya dantsen yaro da shi don gano tamowa.

Ita ce mafi arha, kuma ba ta buƙatar batir. Ana auna yara daga wata 6 zuwa 59. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a kai yaron gidan likita ranar nan. Ɗorawa, daga 115 zuwa ƙasa da 125, tamowar ta fara kama shi. Tsanwa kuwa lafiya. A Mirya, kusa da Damagaram, aikin ƙungiyar likitoci ta ALIMA ya nuna uwaye na iya wannan awo da kansu in an koya musu, ko da ba su yi boko ba. Ku duba wadda lambobinta ba sa gogewa, ku sayi da yawa, don tana lanƙwashewa. Amma ba ta ganin kumburi: sai an danna bayan ƙafafun yaro na daƙiƙa 3, in ramin ya zauna a ƙafa biyun, shi ma na gaggawa ne.

Sikeli iri biyu ne. Na ratayewa mai ɗaukar kilo 25 yana jure ƙura, sai dai yaro na kuka yana harbi, allurar sikelin ba ta tsayawa. Na batir wanda uwa ke hawa da ɗanta ya fi daidai, ya kuma fi tsada. Kowanne kuka ɗauka, nauyi kaɗai bai isa ba sai da allon auna tsawo, da wanda ya iya karanta jadawalin da ke gwama nauyi da tsawo.

Kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro ku bar wa ma'aikatan CSI, wato gidan likitan unguwa. Ana taɓa jini, zafin bazara na lalata su, kuma ba daidai ba ne a gwada yaro alhali babu magani a hannu.

Sauran kuɗin ku sayi babban littafi mai kwali. A rubuta shekarun yaro, unguwarsu, launin da ya fito da ranar awo, a rana ɗaya kowane wata. Da shi ne za ku ga ko jajayen sun ƙaru a damina kafin sabon gero ya shigo, kuma shi za ku ajiye gaban mai unguwa da shugaban CSI.