Wane irin tumatir zan saya da zai jure zafi a lambun gida?

Abin da ke kashe wa mai lambun gida gwiwa lokacin zafi shi ne ka ga tumatir ya yi kore shar, ya yi fure fal, amma furen ya bushe ya zube ba ɗa ko ɗaya. Ba taki ba ne matsalar. Da zarar zafin rana ya haura digiri 32, na dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin furen lalacewa yake, toh shi ya sa in ka ga an rubuta iri mai jure zafi a fakiti ana nufin yana iya ɗaure 'ya'ya a wannan yanayin, ba wai zai rayu ba ruwa ba.

Cikin haibirid ɗin da aka sani, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, akwai Heatmaster da Solar Fire, na biyun jami'ar Florida ta Amurka ce ta fitar da shi. Dukansu gajeru ne, suna tsayawa da girma su zubo 'ya'ya kusan lokaci guda, kwana 70 zuwa 75, amma fa lissafin daga ranar dashe ne ba ranar da ka zuba iri ba, sai ka ƙara sati biyar zuwa shida na reno. Solar Fire ba ya yawan tsagewa, shi kuma Heatmaster yana jure tsutsar nan da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, in ka taɓa tuge tumatir ka ga saiwarsa duk ƙuraje to shi za ka ɗauka, kar ma ka tsaya shawara.

Sai ƙananan nan irin su Sun Gold, masu zaƙi. Gaskiya su sun fi manyan ɗaure 'ya'ya a zafi kuma wata da watanni kana tsinka, illarsu tsawo, za su wuce kanka, dole ka kafa musu doguwar sanda kana ɗaurewa, ga saurin tsagewa in ruwa ya yi yawa bayan ƙishi.

Ka duba haruffan bayan fakiti, suna nuna cututtukan da irin ke jurewa. V da F cututtukan yaushi ne, N tsutsar saiwa, TYLCV kuma ciwon nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa, in kana fama da farin ƙuda wannan ya fi komai.

In an rubuta F1, wato haibirid ne, kar ka ajiye iri daga 'ya'yan, na biyun ba zai fito kamar uwarsa ba, duk shekara sai ka sake saye. Wanda wannan ya dame shi ya nemi Roma VF, ana ajiye irinsa, sai dai in zafi ya tsananta zai fi zubar da fure.

Ni dai in wuri kaɗan ne, Heatmaster uku da Sun Gold ɗaya, tazarar santimita 60, a rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa. In ya fara ja ka tsinke ya ƙarasa nuna a inuwa, don a zafi sosai ba ya yin ja yadda ya kamata, sai ya tsaya ruwan lemo.