Hawan Kilimanjaro ta hanyar Machame: me kuɗinka yake saya, kuma ina dokar gandun take cizo

Wanda ya nufi dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya, kafin a zo maganar takalmi da rigar sanyi, hidima zai fara saye. Tun 1991 aka hana mutum ya saɓa jakarsa ya shiga gandun dajin da dutsen yake ciki shi kaɗai. Dole sai ta hannun kamfani mai lasisi, tare da ɗan jagora mai rajista, kuma kamfanin ne yake biya wa matafiyi kuɗin shiga a asusun TANAPA, hukumar da ke kula da gandayen dajin Tanzaniya. Hidimar da ake dubawa a nan ita ce wadda kamfanonin garuruwan Moshi da Arusha suka fi tallatawa: kwana bakwai ta hanyar Machame, kwana a tanti, sauka ta hanyar Mweka.

A fara da lissafi, domin nan rigimar take. A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, baƙon da ya kai shekara 16 yana biyan dala 70 kowace rana kuɗin kula da gandu, dala 50 kowane dare kuɗin kafa tanti, da dala 20 sau ɗaya kuɗin ceto. Yini bakwai da dare shida sun tashi dala 810, a ɗora harajin VAT na kashi 18 cikin ɗari da aka fara karɓa a 2016, jimilla ta kusa dala 956. Wannan kason gwamnati ne kawai, ba a sayi ko kwanon shinkafa ba. 'Yan ƙasashen Gabashin Afirka suna biya da shilin a farashi mai rahusa ƙwarai, amma ɗan Najeriya, Nijar ko Ghana farashin Bature yake biya. Hukumar takan sake jadawali, don haka a sa kamfani ya rubuto kason gandu daban, kason kansa daban.

Da wannan lissafin ake gane tallan da ke da lauje cikin naɗi. In aka ce maka kwana bakwai dala 1,400, abin da ya rage bayan gwamnati ta ɗauki nata bai kai dala 450 ba. A cikinsa za a biya jagora da mataimakinsa, da kuku, da 'yan dako uku ko huɗu ga kowane matafiyi, da abincin mako, da gas, da mota, da ribar kamfani. Kuɗin ba zai kai ba, kuma ba a aljihun mai kamfani giɓin yake faɗawa ba. A kan ɗan dako yake faɗawa: a rage masa lada, a ba shi abinci sau ɗaya a yini, a cusa su da yawa a tanti guda. Farashin da ake iya yin aikin da mutunci yakan kama daga dala 2,000 zuwa 3,000, ban da tukuicin ma'aikata, wanda yakan kai dala 200 zuwa 300 ga kowane matafiyi.

Dokar kaya ta ce kada ɗan dako ya ɗauki fiye da kilo 20 na kayan kamfani, kuma akwai sikeli a ƙofar Machame. Shi ya sa ake ce wa matafiyi kada jakarsa ta wuce kilo 15. Sikelin yana aiki, amma a ƙofa yake. Dabarar da aka sani ita ce a raba kaya a hannun mutane da yawa har a wuce awo, sannan a sallami wasu a laftawa sauran. Ƙungiyar KPAP, mai kare haƙƙin 'yan dako da ke Moshi, tana sa ido kan kamfanonin da suka yarda a bincike su game da lada, abinci, wurin kwana da nauyin kaya, kuma tana fitar da sunayensu. Duba wannan jerin ya fi karanta yabo ɗari a intanet, domin masu yabon ba su leƙa tantin 'yan dako ba.

Ita hanyar kanta ba ta da abin kushewa. Ana tashi daga ƙofa a tsayin kusan mita 1,800 cikin kurmi mai laka, a kwana wajen mita 3,000, washegari a hau tudun Shira. Yini na uku shi ne gishirin Machame: a hau zuwa wani tsauni da ake kira Lava Tower, kimanin mita 4,600, a ci abincin rana, a gangaro zangon Barranco a kwana ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana ƙarancin iska sannan ya huta a ƙasa, kuma haka yake sabawa. Katangar Barranco da ake tsorata mutane da ita ba ta buƙatar igiya, hannu da ƙafa ne kawai. Matsalarta cunkoso, don hanya ɗaya ce siririya ga matafiya da 'yan dako, kuma ayarin da ya makara yakan daɗe a layi. Daga nan zangon Karanga, sai zangon Barafu a mita 4,673, inda ake tashi da tsakar dare a nufi Stella Point, mita 5,756, sannan ƙololuwar Uhuru, mita 5,895.

Babban abin da nake zargin tsarin da shi shi ne karɓar kuɗi a kan kowace rana. A saman dutsen, iskar oksijin da mutum yake samu a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin teku ce, kuma ba abin da ke taimakon jiki kamar ƙarin kwana. Amma kowane ƙarin kwana yana jawo kusan dala 142 na gandu kaɗai, ban da ladan ma'aikata. Sai mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi Machame ta kwana shida, wadda ake tsallake kwanan Karanga, a tashi daga Barranco a isa Barafu da yamma a gajiye, a yi gyangyaɗin 'yan sa'o'i, a fita da tsakar dare. Ko kuma ya koma hanyar Marangu ta kwana biyar, mai ɗakunan katako a dala 60 kowane dare, inda ake kai mutum zangon Kibo, wajen mita 4,700, a yini na uku. A nan ake yawan ganin ciwon kai, amai, jiri da rashin barci, kuma daga nan ake yawan juyowa. Hukumar da ke cewa tsaron rai ne ya sa ta wajabta jagora, ita ce kuma ta sa hanya mafi aminci ta fi tsada. Da za ta yi rangwame daga yini na shida zuwa sama, da an rage aikin masu ceto.

Masu hawan duwatsu da suka ƙware suna da nasu ƙorafin: hanyar a bayyane take, suna iya ɗaukar kayansu, me ya sa za a tilasta musu ayari? Akwai gaskiya a ciki, amma ban goyi bayansu ba. Yawancin masu zuwa Kilimanjaro ba su taɓa kaiwa mita 4,000 ba, kuma wanda ruwa ya fara taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura shi ne na ƙarshe da zai yarda ba shi da lafiya. Ana buƙatar wanda zai ce masa sauka, kuma ya sauka. Ga kuma dubban gidaje a yankin da ke ci daga wannan aiki. Dalilin da ya sa jagorori da 'yan dako suka tayar da jijiyar wuya ke nan a 2019, da gwamnati ta fito da shirin kafa motar igiya mai tafiya a sama a ɓangaren Machame.

Kuɗin ceto na dala 20 yana ruɗin mutane. Abin da yake biya shi ne gadon ƙarfe mai taya ɗaya da ake gangaro da mara lafiya a kai, da motar da za ta kai shi ƙofa. Bai haɗa da jirgi mai saukar ungulu ba, bai haɗa da kuɗin asibiti a Moshi ba. Sai an sayi inshorar da ta ambaci hawa har mita 6,000 ƙarara, domin ta tafiye-tafiye ta yau da kullum takan tsaya ƙasa da haka. A tambayi kamfani ko yana tafiya da tulun oksijin, da na'urar da ake maƙalawa a yatsa ana auna iskar jini safe da yamma. Maganin Diamox yana taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iska, amma sai an ga likita tukuna.

Sauran dokokin masu sauƙi ne, kuma daidai suke. Ba a hura wutar itace, ba a shiga da gorar ruwa ta roba da ake yarwa, an hana leda a ƙasar baki ɗaya tun Yunin 2019, shara tana sauka da wanda ya hau da ita, yaro sai ya kai shekara 10. A nemi gora mai ƙwari, a riƙa shan lita uku zuwa huɗu a yini, kuma daren ƙarshe a sa ta cikin riga, in ba haka ba ruwan zai daskare. Masu son naman halal su faɗa tun kafin a yi cefane. A Moshi ba wuyar samu yake ba.

Ga masu fasfo ɗin Najeriya, Nijar da Chadi akwai ƙarin shinge: bizarsu tana cikin rukunin da sai hukumar shige da fice ta amince tun kafin a taso, ba a bayarwa a filin jirgi, kuma za a nemi katin rigakafin shawara. Kada a biya kafin alƙalami sai an san matsayin biza, ko kuma a sa kamfani ya rubuta cewa za a iya ɗaga ranar tafiya. Watannin da suka fi dacewa su ne Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, kurmin Machame yakan zama taɓo. Machame ta kwana bakwai a hannun kamfanin da ke jerin KPAP ta cancanci kuɗinta. Ta kwana shida ban ba da shawararta ba sai ga wanda ya riga ya kwana a sama, misali a dutsen Meru, 'yan kwanaki kafin nan.